Ajin da Ya Daina Tari

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya sauwaƙe miki, ya ƙara wa maigidan buɗi, ya raya mana yaran ya shirye su. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Autanmu yana nan yana fama da shagonsa, ya ajiye tumbi har wandunansa sun fara kai ƙara. Matarsa ta kusa sauka, ƙafafunta sun yi nauyi amma bakinta yana nan garau. Ƙaramin ɗansu ya fara tafiya, jiya ma na hango shi ta taga yana bin kaza yana faɗuwa yana tashi. An gyara min rufin ɗakina da ke yoyo, kuma bargon da kika aiko min har yanzu shi nake rufa da shi.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya sai takarda, kamar mutanen da. To, ai kin san wayarmu. Kafin mu gama tambayar lafiyar kowa an ƙwala miki kira daga kicin, ko yaro ya ɓarar da wani abu, sai mu rabu da cewa sai an jima. Abin da ke cikina kuwa ba na tsaye ba ne. Ki sami wuri ki zauna, ki miƙe ƙafar nan a kan kujera, ki karanta a hankali.

Kin san yadda tarin fuka ya kwantar da ni bara, da yadda na sha magani wata shida har likita ya duba ya ce na warke sarai. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne, a gidan nan ban warke ba tukuna. Ɗakina na baya da aka mayar da ni lokacin jinya, har yau a nan nake. Kwanona da kofina suna da wurinsu daban a kan taga, kuma matar Auta da ruwan zafi take wanke su, bayan ta gama da na kowa. In yara suka nufo ƙofata sai a tuna ana neman su a tsakar gida. Ba wanda ya taɓa yi min magana marar daɗi, kar ki ɗauka faɗa ake yi. Abinci yana zuwa a kan lokaci, da zafinsa, a ajiye a bakin ƙofa a yi sallama a juya. Tun rasuwar mijina Malam na saba da zama ni kaɗai, amma wannan kaɗaicin daban ne, domin ina jin dariyarsu ta bango.

A makaranta kuwa ba wanda ya san abin da ya same ni. Auta ne ya ce in na koma in ce taifot ne ya yi min mugun kamu, ni kuma na bi. Saboda haka ofishin malamai ya zama min gida. Da an kaɗa ƙararrawar hutun safe za mu taru a teburin nan mai gurguwar ƙafa, buta ɗaya, kofuna na kowa da kowa, wanda hannunka ya kai shi ne naka. Malamin lissafi ya zuba sukari cokali huɗu yana rantsuwa biyu ya sa. Malamar Turanci ta sa hannu a kwanona ba ko tambaya, tana ci tana kushe girkin. Ana tsokanata ina ramawa, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, wannan ɗan zaman shi ne rabona na mutane a duk yini, kuma saboda shi nake ɗokin gari ya waye.

Ana nan sai asibitin unguwa ya aiko cewa kowace makaranta ta turo malami ɗaya a koya masa yadda zai wayar wa yara kai a kan tarin fuka. Hedimasta ya duba ya duba, ya ce ni ce ba ni da goyo ba ni da mai jiran abinci ranar Asabar, don haka ni zan je. Na kusa yin dariya a gabansa. Da na isa, wa zan gani a gaban allo in ba Nas ɗin da ta riƙa ba ni ƙwayoyi da hannunta ba? Baiwar Allah ta dube ni, ta gaishe ni kamar yadda ta gaida kowa, ta tambayi sunan makarantarmu kamar ba ta taɓa auna nauyina ba. Ta yi mana bayani cewa cutar a iska take tafiya in mai ita ya yi tari, ba a kofi ko kwano ko musafaha ba. Ta ce wanda ya ɗauki 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata ya daina yaɗa ta. Ta ce a buɗe tagogi, a rufe baki in za a yi tari, kuma duk tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, domin ana warkewa. Na zauna ina rubutawa kamar baƙuwa, alhali har ɗacin kowace ƙwaya na sani. Da na dawo gida na karanta wa matar Auta maganar kofin. Ta ce lallai ilimi daɗi gare shi, sannan ta ɗora ruwan zafinta.

Ranar Litinin na shiga ajina na 'yan aji huɗu da ƙarfina. Tagoginmu tun shekaran bara aka buga musu ƙusa saboda ɓarayin benci, na sa mai gadi ya ciro su, iska ta shigo har takardu suka tashi. Na zana huhu a allo, yara suka ce burodi ne guda biyu. Na zana ƙwayoyin cutar, na yi musu haƙora da jajayen idanu da jan alli. Muka koyi tari a cikin gwiwar hannu, aji ya kaure da tarin ƙarya har Hedimasta ya leƙo ya ga ko lafiya. Sai dai yanzu da nake tunawa, na daɗe a kan rama da zufa da jini da mutuwa, maganar warkewa kuwa a gurguje na wuce ta. Ina jin tsoron da ke cikina ne ya yi darasin, ba ni ba. Da zan rufe sai na ce duk wanda aka ji yana tari a sanar da ni don in taimake shi, kuma na ɗora wa Monita wannan aiki.

A nan na yi kuskuren, kuma ke da kika yi makaranta irin tamu za ki gane tun kafin in faɗa. Monita a wurinmu aikinta ɗaya ne, in malami ya fita ta lura da masu surutu, in ya dawo ta faɗi sunayensu su fito su durƙusa. Tun da aka gina makarantar nan sunan yaro bai taɓa bi ta bakin Monita ya dawo masa da alheri ba. Tawa Monitar kuma yarinya ce mai riƙon aiki, ko ƙanwarta ba ta ɗaga wa ƙafa. Washegari ta kawo min sunaye, ni kuma da wautata na kira su gaban allo, daidai inda ake tsayawa a karɓi bulala, ina tambayarsu tun yaushe suke tari. Ban taɓa kowa ba, ban ko ɗaga murya ba. Amma sauran yara suna ta ƙunshe dariya, kuma da suka koma mazauninsu na ga maƙwabtansu suna ja da baya a kan benci. Na ce a raina ai yara ne, gobe sun manta.

Kafin mako ya zagayo ajina ya yi tsit. Lokacin ruwa ne, kowane aji ka wuce sai tari da jan majina, amma nawa ko gyaran murya babu. Hedimasta ya yabe ni a gaban layi, ya ce a je a ga yadda ilimin lafiya yake aiki. Malamin lissafi ya ce in zo in tofa wa nasa ajin, ko da rabin abin da na tofa wa nawa ne. Ni kuma kaina ya fasu, har tafiyata ta canza. Na lura dai masu neman izinin fita fitsari sun yi yawa, na ce sanyi ne. Na ga wasu suna kurɓar ruwa a kai a kai idanunsu na hawaye, na ce ƙurar alli ce. Akwai wata yarinya da 'yan ajin suke kira Aku saboda surutu, wadda a da kullum sunanta ne farko a bakin Monita. Ita ma ta yi shiru, ta koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa, na ce Alhamdulillahi Aku ta yi hankali.

Ran nan na ba su aiki na zagaya bayan azuzuwa wurin tankin ruwa in wanke allin hannuna. Yaya, abin da na tarar akwai ban dariya da ban tausayi. 'Yan ajina ne da suka fita da sunan fitsari, sun jeru a jikin bango kowa ya dafa gwiwa, suna ta sauke tarin da suka tara tun safe. Suna ganina suka watse kamar kaji. Ɗaya ce ba ta gudu ba, don ba ta da ƙarfin gudun. Aku ce a tsugune, ta cusa fuskarta cikin jakar littattafanta tana tari a ciki don kar a ji. Irin tarin nan ne mai fitowa daga can ƙasa, wanda na san shi kamar yadda na san muryarki. Na ɗago ta, na ji wuyan hannunta kamar sanda, rigar makarantar tana yawo a jikinta, goshinta sharkaf da zufa a wannan sanyi. Ta dube ni ido duk tsoro ta ce, "Malama, don Allah kar ki faɗa wa Monita."

Na zaunar da ita a kan dutsen tankin na lallashe ta har ta buɗe baki. Ta ce tun kafin hutun da ya wuce take tarin, amma da na yi darasi ta ga hoton nan mai haƙora sai ta gane abin da ke cikinta. A gida ma yanzu a cikin matashi take yi, don ta ji an ce masu wannan ciwo ɗaki daban ake kai su, ita kuwa tsoron kwana ita kaɗai take ji. Sai na ɗauki jakar na riƙe mata muka koma aji.

Da aka tashi na bi ta gida. Uwarta tela ce, shago ɗaya ne aka raba da labule, gaba keken ɗinki baya wurin kwana, taga ɗaya kuma an toshe ta da kwali saboda hayaƙin injin maƙwabci. A bayan labulen akwai kakan yarinyar a kwance, shi ma ina jin nasa tarin. Na gaishe ta na yi mata bayani da duk lallamin da na iya. Ba ta ko tsayar da keken ba. Ta ce mura ce, kuma wannan ciwo ba su da shi a danginsu. Ta ce in aka gan ta da 'yarta a layin masu tari, wa zai sake kawo mata ɗinki, da me za su ci? Na ce mata ana warkewa. Sai ta tsayar da keken ta dube ni, ta ce mu malamai komai a littafi muke gani, in faɗa mata tsakani da Allah ko na taɓa ganin wanda ya yi wannan ciwo ya dawo mutum cikin mutane. Yaya, ga amsa a bakina, ga ni tsaye a gabanta da ƙafafuna biyu, amma na yi gum. Na ce mata dai ta yi tunani, na yi sallama na fito.

Na dawo gida na tarar da kwanona a bakin ƙofa, na kasa ci. Ba wai ban san abin da ya kamata in yi ba ne. Na sani sarai, lissafin abin da zai ci min nake yi. In na buɗe baki a aji, kafin la'asar unguwa ta ji, kafin gobe ofishin malamai ya ji. Na riga na ga yadda gidanmu ya koma, gidan da aka haife mu ciki ɗaya, balle mutanen da aiki kawai ya haɗa mu. Na ce a raina in tura Nas ta je ta same su mana, amma na san telar nan za ta gan ta da farin kaya ta rufe ƙofa. Na ce in bari zuwa wani mako, sai na tuna wuyan hannun yarinyar. Ina son teburin nan mai gurguwar ƙafa, Allah ya sani, kuma na yi kuka a kansa kamar wadda za a raba da ɗa.

Da safe na shiga aji na fara da sauke wa Monita aikin tari. Ta fashe da kuka tana zaton an tsige ta, sai da na rantse mata masu surutu suna nan a hannunta. Na goge hoton mai haƙora. Ban tsaya gaban allo ba, na je tsakiyar aji na ce su matsa min na zauna a benci, gwiwoyina har suna taɓa haɓata. Na ce musu na koya musu rabin darasi na ɓoye rabi, yau zan cika. Na ce, "Ni ɗin nan da kuke gani, bara na yi tarin fuka. Na sha magani wata shida, na warke, ga ni." Na ji yarinyar da ke gefena ta ɗan janye cinyarta. Can sai tambayoyi suka ɓarke. Wani ya ce allurar tana da girma, na ce ƙwayoyi na sha. Wata ta ce an yi min bulala da aka gane, na ce ko kusa, sannu aka yi ta yi min. Na ba su labarin yadda maganin yake mayar da fitsarin mutum ja, suka yi ta dariya har da masu faɗowa daga benci. Na ce tari ba laifi ba ne, ɓoye shi ne yake ba cutar wuri, kuma daga yau mai jin tari ya rufe bakinsa ya yi abinsa a inda yake zaune. Sai wani ya gwada a hankali yana kallona. Wata ta bi. Kafin ka ce me, aji ya ɗauka gaba ɗaya, na gaske da na ƙarya, kuma daga bencin ƙarshe na ji na Aku. Ban taɓa zaton zan ji daɗin ƙarar tari ba sai ran nan.

Da yamma na koma wurin telar, na tarar labari ya riga ni. Wannan karon ta tashi daga kan keken. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, irin kallon masu awo, ta ce ga shi kuwa kayana sun zauna min daidai. Sai ta jawo siket ɗin makarantar Aku ta nuna min ƙugun. Ta ce sau biyu tana rage shi da hannunta, kowane karo tana gaya wa kanta tsawo yarinyar take yi. Ta ce ta sani, tsoro ne ya hana ta sani. Washegari muka tafi asibiti tare, ni da ita da yarinyar da tsohon. Aka yi gwajin majina da hoton ƙirji, aka sami ciwon a jikin Aku da kakanta, aka ɗora su a kan magani. Nas ta zo makaranta ta duba sauran 'yan bayan tanki, Allah ya taimaka duk mura ce. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. An cire kwalin tagar shagon, kuma masu ɗinki wasu sun janye wasu suna nan.

Ofishin malamai kuwa, abin da na ji tsoro shi ya faru, sai dai cikin ladabi. Ba wanda ya ce min uffan. Gaisuwa ma ta ƙaru, har da tambayar ƙarfin jiki, amma daga bakin ƙofa. Malamar Turanci ta ce likita ya hana ta cin abu tsakanin abinci. Malamin lissafi ya zo da kofinsa daga gida, mai murfi, yana gama sha ya sa a aljihun jaka. Kujerar da ke kusa da tawa kullum sai in tarar an jibga mata littattafan gyara. Waɗannan fa su ne suka ji ni da kunnensu, bayan na dawo daga taron asibiti, ina bayanin cewa ba a kofi cutar take ba, har suka tafa min. Hedimasta ya kira ni ya ce abin da na yi jarumta ce, amma da na shawarce shi tukuna, domin iyaye biyu sun zo sun nemi a canza wa 'ya'yansu aji. Auta ya ce na tona mana asiri a unguwa, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Da na ga in na shiga ofis hira tana mutuwa, kowa yana shan shayinsa a ɗarare, sai na daina shiga. Na ce gara su sha cikin kwanciyar hankali, ba su yi min laifin komai ba.

Ba zan ce miki ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Akwai ranar da ƙararrawar hutu ta kaɗa na ji dariyar Malamin lissafi daga nesa, na ce ni kam me ya kai ni. Amma darasin yana tafiya yadda ban zata ba. Yara suna rige-rigen buɗe taga da safe. Wata ta jawo yayarta da ta daɗe tana tari har asibiti, wani ya ce ya hana babansa tofar da majina a tsakar gida har ya sha ranƙwashi. Yanzu in zan koyar, da warkewa nake farawa, sauran su biyo baya.

Aku ta dawo makaranta bayan 'yan makonni, da izinin Nas. A aji suna zama da ita, don ina kallo. Amma da an fita hutu sai ki ga an ja igiyar tsalle can nesa, ita kuma tana tsaye jikin ginshiƙi tana wasa da bakin rigarta. To ni ma ba ni da wurin zuwa, sai muka haɗa kaɗaicinmu. Kullum muna zama a kan matakalar ajinmu, ina zuwa da shayi a filas da burodi, don maganin ya buɗe mata ciki, tana ci kamar mai huce haushi. Kumatunta sun fara dawowa, bakin ma ya fara dawowa, har na fara tunanin ranar da zan roƙe ta ta yi shiru. Tana ba ni labarin kowa a unguwarsu, da wanda ya biya ɗinki da wanda ya gudu da riga, ina ba ta labarin ƙuruciyarmu da yadda kike goya ni kina faɗuwa da ni.

Shekaranjiya muna zaune tana kallon masu tsallen igiya, sai ta ajiye burodin ta ce, "Malama, in na gama shan maganin za su dawo su yi wasa da ni?" Na ce mata wasu za su dawo. Ta juya maganar, sannan ta ɗago ta ce, "Ke naki sun dawo?" Allah ya taimake ni aka kaɗa ƙararrawa, na ce ta tashi mu shiga aji. Amma na san Aku, ba ta mance tambaya, za ta sake yi min ita.

Yaya, dalilin takardar nan ke nan. Rabon da in sa ki a idona tun kafin in kwanta. Ba gori nake miki ba, wallahi. Na san hanya da nisa, na san ga yara ga ƙafa, kuma in akwai tsoro a ciki ban ga laifinki ba, ni ma da ke ce kika kwanta wataƙila da na ji shi. Amma yarinyar nan saura wata huɗu ta gama maganinta, kuma kowace safiya tana haɗiye ƙwayoyin nan ne saboda na ce mata ana warkewa a koma cikin mutane. Rabin farko na nuna mata da jikina. Rabi na biyu ba ni da abin nunawa, kuma ba na son in yi mata ƙarya. Ki zo kafin ta gama, ko kwana biyu ne. Kar ki sauka a ɗakin baƙi, ki sauka a nawa, mu ci a kwano ɗaya, ki yi min munsharin nan naki in kasa barci. Da safe ki raka ni makaranta ki zauna tare da mu a kan matakala, in ce mata ga tawa ta dawo.

Ki gaida min maigidan da kyau, ki ce ina roƙon ya ba ni aron ki. Ki gaida ɗanki Babban Yaya da jarrabawarsa, Allah ya ba da sa'a. Ki gaida Takwarata, ki ce mata na ji labarin ta fara kitso, kaina yana jiran ta. Ki shafa min kan 'Yar Lele, ki gaida Goggo in kin leƙa wurinta, ki ce ina yi mata addu'ar ƙarin lafiya. Auta da matarsa da yara suna gaishe ku. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai jiran amsa,
Malama